Kayan ɗaki na kwali: za su yi wa mai yawan tashi daga gidan haya?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma a yi haƙuri da tsawon bayanin, sai na faɗi mafarin abin kafin a gane inda na dosa.

Shekarata tara da aure, a ciki mun tashi sau huɗu, ga na biyar yana tafe. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, irin aikin nan da ba a barin mutum ya ɗumama wuri. A Kano aka kai ni ɗakina. Daga nan sai Minna, a Minnar ma sai da muka sake gida don mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure yana son wurinsa. Daga Minna sai Jalingo, inda gidan farko ya kore mu da yoyo. Yanzu kuma takarda ta fito, Birnin Kebbi, nan da mako shida.

Kayan ɗakin da Babana ya yi mini, Allah ya jiƙansa, bijimai biyu ya sayar ya haɗa su. Gado, sif mai ƙofa huɗu, madubi, kujeru saiti guda da kabad ɗin jeren kwanuka. Ranar jere har maƙwabta sai da suka shigo kallo. Yau in kun gan su sai kun tausaya mini. Tun saukar Minna madubin sif ya tsage daga sama har ƙasa, ina tsaye 'yan dako suka jingina shi da ƙarfen motar, na ji ƙarar a ƙirjina. A Jalingo ruwan yoyo ya kwanta ƙarƙashin sif ɗin dare ɗaya tak, da safe na tarar gindinsa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Gadon kuwa sau huɗu ana kwance shi ana ɗaurawa, ramukan notin duk sun rarake, bulo biyu ne ke tallafe da shi ta wajen kai. Na yafa zanen gado har ƙasa don kada baƙi su gani.

Jiya maigida ya je tasha ya tambayo kuɗin motar da za ta kwashe mu zuwa Kebbi, tafiyar kwana biyu. Kuɗin da aka yanka masa, wallahi ko an sayar da kayan gaba ɗaya ba za su biya shi ba. Na kwana ina juyi. Ba na son rabuwa da abin da Baba ya yi mini, amma kuma na gaji da biyan kuɗi don a ƙarasa karya su.

To ana cikin haka na ci karo da wani bidiyo a waya. Wata 'yar kujera ce ta takarda, a naɗe kamar littafi. Mutumin ya buɗe ta kamar zugazugin maƙeri, ya zagayo da ita ta haɗe, cikinta kamar saƙar zuma, ya ɗora ɗan matashi ya zauna daram. Na bi na ga har gado ana yi da kwali, da kantar littattafai, da tebur, wai mutum ɗaya zai saɓa gadonsa a hammata ya hau mota. Suna kuma cewa ba ya ɓata muhalli, in ya tsufa a sake narka shi a yi wani kwalin.

Abin da nake son sani: da gaske ne yana ɗaukar nauyin babban mutum, ko dabarar masu talla ce? Akwai wanda ya taɓa kwana a kai, ba kallo a waya ba? Zai jure irin zaman gidajenmu, da yara uku da shara da goge-goge? In kuma zai yi, dole sai an yo odarsa daga waje ko za a iya haɗa shi a nan? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Baƙon Jamus ya rubuta:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Tambayarki ta farko ni zan amsa, domin yanzu haka da nake rubutun nan a kan gadon kwali nake zaune. Shekara biyu da rabi ke nan ina kwana a kansa.

Karatu ya kawo ni nan. A ƙasar nan galibi gidan haya fanko ake ba ka shi, wani ma ko wurin wanke-wanke babu a kicin, kai za ka saka. Ɗakin da na fara samu a hawa na huɗu yake, tsohon gini, babu na'urar hawa, matakala ce siririya mai lanƙwasa. Da na lissafa kuɗin gadon katako da kuɗin waɗanda za su hau da shi, sai wani abokin karatuna ya nuna mini na wani kamfani da ke Berlin mai suna Room in a Box. A cikin kwali ɗaya dogo aka kawo shi. Na ja shi ya buɗe kamar yadda kika kwatanta, na ɗora katifa, shi ke nan. Ba ƙusa, ba noti, ba guduma. Ban kai minti biyar ba. Tun daga nan na sake ɗaki sau biyu, duka a jirgin ƙasa na cikin gari na ɗauke shi, katifar ce ma ta ba ni wahala.

Nauyi kam yana ɗauka. Ni ba ƙaramin mutum ba ne, kuma abokai uku sun sha zama a kai muna cin abinci. Dalili shi ne kwalayen a tsaye suke, an sarƙa su da juna, nauyin ya rarrabu a kan bakinsu gaba ɗaya. Kuma ba talla kaɗai ba ce: a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, gadaje 18,000 da aka tanadar wa 'yan wasa na kwali ne, wani kamfanin Japan mai suna Airweave ya yi su, aka ce kowane yana ɗaukar kilo 200. Da surutu ya yi yawa cewa za su karye, wani ɗan wasan motsa jiki na ƙasar Ailan, Rhys McClenaghan, ya hau nasa ya yi ta tsalle aka ɗauka a bidiyo, gado ko gezau. Aka sake amfani da irinsu a Faris a 2024.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Ba shi da arha yadda kike zato, nawa ya haura Yuro 100, in kika ƙara kuɗin jirgi da na kwastan zuwa Najeriya kin sayi gadon ƙarfe biyu. Sannan gefen da ƙafata ke yawan bugawa ya lotse, kuma in ya lotse ba ya komawa. Wata rana shayi ya zube mini a kusurwa ɗaya, na goge nan take, duk da haka wurin ya yi laushi har yau. Abu na ƙarshe, ɗakina a nan a bushe yake ƙayau, daɓen katako ne, ba gara, ba kyankyaso, ba yaro. Ni ɗan Zariya ne, na san yadda ɗakin mahaifiyata yake yi a watan Agusta, har ashana ba ta kamawa. Don haka ba zan ce miki ki saya ba sai waɗanda suke gida sun yi magana.

Kafintan Unguwa ya rubuta:

Hajiya sannu da haƙuri. Ni sana'ata ke nan sama da shekara ashirin, kuma zan fara da faɗin abin da 'yan'uwana kafintoci ba sa son a faɗa. Abin da ya sami kayanki ba laifin 'yan dako ba ne kaɗai. Yawancin kayan amaren da muke yi yanzu da MDF ne, wato garin katako da aka kwaɓa da gam aka matse ya zama allo, aka lulluɓe shi da abu mai ƙyalli. Yana da kyan gani, amma an yi shi ne don a kafa shi wuri ɗaya a bar shi. Noti in ya shiga sau ɗaya ya kama, in aka cire aka mayar sai ya ci ramin, a na uku garin kawai zai riƙa zubowa. Ruwa kuwa kin ga aikinsa da idonki. Da na maɗaci ne na gaske da yanzu suna nan, sai dai shi kuma ƙarti shida ne za su ɗaga sif ɗin.

Batun kwali. Ki samu wani ki yaga bakinsa ki duba. Za ki ga takarda biyu shimfiɗaɗɗu, a tsakaninsu akwai wata mai lanƙwasa kamar kwanon rufi. Duk ƙarfin yana cikin wannan lanƙwasar. In ramukan suna tsaye, suna kallon sama, to ginshiƙai ne ƙanana jere da juna. In suna kwance, ko yaro ya taka sai su baje. Ki gwada yau: ki yanko dogon kwali mai faɗin tafin hannu yadda ramukan za su bi gajeren gefen, ki naɗe shi tamau kamar tabarma, ki ɗaure da zare, ki tsayar, ki ɗora ɗan allo ki hau. Ba zai lotse ba. Kuma kwali iri-iri ne. Na taliya da na sabulu lanƙwasa ɗaya gare su, ba su da amfani a wannan aiki. Ki nemi na firji ko na injin wanki ko na janareta, masu hawa biyu, wani ma uku.

Kin ma daɗe kina zaune da takarda a gida ba ki sani ba. Ƙofofin ɗaki marasa nauyin nan da ake shigowa da su, in ɗaya ta fashe ki leƙa, da yawansu saƙar zumar takarda ce a ciki, allo siriri ne kawai ya rufe ta gaba da baya.

Yanzu ga maƙiyansa a ƙasarmu. Na farko ruwa, ba sai na yoyo ba, tsumman goge ɗaki ma ya isa, kullum yana lasar gindin abin har ya ruɓe. Na biyu gara. Gara ba ta da abincin da ya fi mata kwali, ta fi son sa a kan katako don ya fi taushi, kuma ta ciki take ci, ranar da za ki gane sai dai ki ga abu ya zauna. Na uku kyankyaso, domin da sitaci ake manna kwali a masana'anta, ga abinci ga ramukan ɓuya da na ƙwai. Kuɗin cizo ma in ya shiga waɗannan ramukan babu maganin da zai kai gare shi, sai ƙonawa. Shi ya sa ni gado dai ban ba ki shawara ba. Na huɗu, kuma ku mata ku ya fi shafa, kaskon turaren wuta. Garwashi ɗaya ya faɗo, ko maganin sauro na kunnawa, ko kyandir ranar da aka ɗauke wuta, kafin a ɗebo ruwa an gama. In kuma gidan akwai awaki, kada ki shanya shi a tsakar gida, cinye shi za su yi.

Shawarata: gado ki je wurin mai walda ya yi miki na ƙarfe mai rabuwa gida biyar, kai da ƙafa da dogaye biyu da shimfiɗa, a haɗa da noti mai ƙwaya wanda ya ratsa ƙarfen. Irin wannan ko sau hamsin aka kwance ba abin da zai yi. Kujeru ki duba na tukurwa ko na gora, a yankinku na Taraba ba a rasa masu yi, hannu ɗaya ake ɗaga su. Kwali kuma ki bar shi ga abin da ba ya taɓa ƙasa kuma ba a kwana a kai.

Maman Ilham ta rubuta:

Malam kafinta Allah ya saka da alheri, ya yi wa sana'a albarka. Na yi gwajin da ka ce da kwalin fanka, na hau, Ilham ma ta hau bayana, bai ko motsa ba. Yaran sun ɗauka sihiri ne. Amma maganar kaskon turare ta sa jikina ya yi sanyi, domin kullum bayan magariba a gindin gado nake ajiye shi, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ɗan'uwa na Jamus, kai ma na gode da ka faɗi aibinsa, masu bidiyon ba su nuna wannan ba.

'Yar Tawa ta rubuta:

'Yar'uwa sannu da ɗawainiya, Allah shi jiƙan Baba. Ni daga Tawa ta Nijar nike, kuma da na karanta zancenki sai na tuna abin da munka tashi muna gani.

Can wajen Abalak, inda kakata ta wajen uwa take, Buzaye da Fulani masu tashi da dabbobi su ma suna da kayan ɗaki, kuma kowace mace tana alfahari da nata kamar yadda kike yi da naki. Wurin Buzaye ma tantin kansa da abin da ke ciki na matar ne, da shi ake kai ta. Gadonsu na sha kallon yadda ake kafa shi. Ƙafafu ne na icce da anka sassaƙa, a kafa su cikin rairayi, a gitta dogayen sanduna bisa, a jera ƙanana, a shimfiɗa tabarmi. Babu ƙusa ko ɗaya. Ranar tashi, tun rana ba ta yi zafi ba mace ta kwance shi, ta ɗaure sandunan dami guda, an aza ma jaki. Kuma gadon nan sai shi yi shekaru, uwa ta bar ma ɗiyarta. Matan Bororo su ma haka, gadonsu da jeren ƙorensu duka bisa sa guda suke tahiya.

Mu ma cikin gari da can mi munka sani? Gadon kara, tabarmar kaba, adudu na tufafi, ragaya a rataye ƙwarya, kujerar tsugunno, tumtum na fata wanda in za a tashi sai a zazzage cikinsa a linke. Gadon kara in ya tsufa makamashi ne, bayan girbi a yi wani. Abin da Turawa ke yabo ga kwalin nan, rashin nauyi da rashin ɓata ƙasa, duka akwai su ga waɗannan. Daga baya ne anka mayar da darajar amarya ga nauyin sif.

Ni mijina malamin makaranta ne, mu ma an yi ta yawo da mu, Konni, Madawa, Doso. Tun tashi na biyu na bar sif gidanmu, na sayi akwatunan ƙarfe uku. Cikin tahiya su ne kaya, in mun sauka in jera su in yafa zane, sun zama wurin zama. Tufafin ratayewa kuma sanda guda da igiya da labule. Ban hana ki kwali ba, amma ki fara duba abin da ke kasuwar ƙauye kusa da ke.

Mai Zanen Gini ya rubuta:

Malama, ni zanen gine-gine na karanta, kuma takarda tana cikin abubuwan da suka daɗe suna burge ni, don haka bari in ƙara kan abin da malam kafinta ya faɗa.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1871 wani Ba'amurke, Albert Jones, ya yi rajistar takarda mai lanƙwasa don naɗe kwalabe. A 1972 mai zanen gini Frank Gehry ya fitar da kujerun da ya yi ta hanyar manna kwalaye da yawa a kan juna, kowane falle yana gitta na ƙasansa, har suka yi tauri kamar katako. Har yau kamfanin Vitra yana ƙera ɗaya daga cikinsu, kuma da tsada ake sayar da ita.

Amma wanda aikinsa ya fi kusa da matsalarki shi ne mai zanen gini Shigeru Ban na Japan. Bayan yaƙin Ruwanda na 1994 an riƙa ba 'yan gudun hijira tamfol, su kuma suna sare itatuwa don yin dirkoki har dazuzzuka suka fara ƙarewa. Da aka ba su sandunan alminiyam sai suka riƙa sayarwa saboda suna da kuɗi. Shi ne ya kawo shawarar bututun takarda, aka gwada a sansanin Gihembe da ke Ruwanda. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a birnin Kobe na Japan a 1995 ya gina wa mutane ɗakuna da irin wannan bututun, kuma ki lura da abin da ya yi: bai bar takarda ta taɓa ƙasa ba. Kiret-kiret na kwalabe ya jera, ya cika su da buhunan yashi, ya ɗora ginin a kai, ya shafe bututun da maganin hana shan ruwa. A 2013 har coci ya gina da su a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan, mai cin mutum wajen 700. Wanda ya fi kowa sanin takarda a duniya ke nan, kuma farkon abin da yake yi shi ne raba ta da ƙasa da ruwa.

Masu harkar kwali sun san cewa in iska ta jiƙe sosai, irin ta tsakiyar damina, kwali yana rasa kusan rabin ƙarfinsa ko da ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Haka kuma nauyin da zai ɗauka na minti ɗaya ba shi zai ɗauka na wata shida ba, a hankali yake sakin jiki. Don haka Birnin Kebbi ta fi Jalingo dacewa da shi, kuma duk abin da za ki yi ki ninka kaurinsa fiye da yadda kike ganin ya isa. Irin bututun nan kuma ba sai an je Japan ba. Shi ne a tsakiyar bandir ɗin yadi da na ledar ɗaki, 'yan Kantin Kwari zubar da shi suke yi. Yana yin ƙafar tebur mai kyau.

Maganar muhalli kuwa ina da ja a kanta. Kujerar takarda da aka ɗauko a jirgin sama daga Sin, ta yi wata takwas ta mutu, ban ga abin da ta tsare ba. Kwalin firjin da za a ƙone a bola, ki mayar da shi kanta ya yi miki shekara biyu, sannan 'yan jari bola su saya a kai inda ake narka shi a yi kiret ɗin ƙwai, wannan shi ne riba. Sai dai in kin shafe shi da fentin mai ko kin naɗe shi da salatif ko'ina, ya daina narkuwa yadda ake so. Ki zaɓi wuraren da ruwa zai iya taɓawa kawai ki rufe.

Hajiya Babba ta rubuta:

'Yata, na karanta duk abin da aka faɗa miki kuma akwai hankali a ciki. Abu ɗaya zan ƙara a matsayina na uwa da ta aurar da 'ya'ya huɗu. Duk garin da kika sauka, matan abokan aikin mijinki za su zo yi miki sannu da zuwa, dangin miji ma za su zo, kuma ido ba ya rasa abin gani. Ki yi kwalinki a uwar ɗaka da ɗakin yara, amma falo ki sa kafet mai kyau da matasai, ko da babu kujera ba wanda zai raina ki. Sannan kada ki sayar da kayan mahaifinki duka. Ki zaɓi abu ɗaya da za ki iya ɗauka ki riƙe. Ni nawa uban ya rasu shekara talatin da ɗaya, abin da ya rage mini na jerena tasa ɗaya ce, kuma ba ranar da zan ɗauke ta ban yi masa addu'a ba.

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari, don bai kamata a ba ni shawara in yi shiru ba. Watanmu biyu ke nan a Birnin Kebbi, mun sauka lafiya, alhamdu lillahi.

Hajiya, maganarki na fara bi. Madubin na riƙe. Na sa an cire shi daga teburinsa, na naɗe shi da bargo biyu, a kan cinyata ya yi tafiyar nan tun daga Jalingo. Sauran na kira dillaliya. Ranar da aka zo fitar da sif ɗin na shige banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito. Kuɗin da aka ba ni ba su taka kara sun karya ba, amma sun isa gadon ƙarfe irin wanda malam kafinta ya kwatanta, da akwatunan ƙarfe biyu irin na 'yar'uwata ta Tawa. Maimakon babbar mota, ƙaramar akori-kura ta kwashe mu, har da sauran wuri.

Kwali kuma na yi abu biyu. Wani mai shagon kayan wuta a nan ya ba ni na firji guda biyu da na injin wanki ɗaya, ya ce in kwashe ma ya huta. Na yanka su da sabuwar reza a kan tabarma, sai da yatsana ya yi kanta. Kowane bango falle uku na manna da farin gam na kafintoci, na danne da akwatunan nan kwana guda. Na tsaga su rabi-rabi na sarƙa da juna yadda ramukan bangayen ke tsaye, ta zama kanta mai gida tara, tsayinta ya kawo mini ƙirji. Bakunan na liƙe su da takardar buhun siminti don kada kyankyaso ya samu ƙofa. Ƙafafun kuma gwangwanayen madara shida ne na cika da yashi, na ɗora wani ɗan falanki, sannan kantar, dabarar mutumin Japan ɗin nan. Na ja ta baya da bango kamar faɗin tafin hannu. Kafin in sa komai sai da na ɗora mata buhun shinkafa mai kilo 25 ya kwana. Yanzu kayan makarantar yara da littattafan maigida da zannuwana ne a ciki. In na zare allunan, duka za su kwanta a ƙarƙashin katifa.

Na biyun bai yi ba. Ɗan tebur na yi wa Ilham na aikin gida, da ƙafafun bututun yadi. Ƙafafun lafiya lau, amma a kwana na huɗu ƙaninta ya kifar da kofin kunu a kai, kafin in zo daga kicin saman ya tashi ya yi ƙulu-ƙulu. Na sake yanka wani, wannan karon na shimfiɗa masa ledar tebur na ɗaure ta ƙasa. Kaskon turare kuwa ya koma bakin ƙofa a kan tayil, na hana kaina shiga da shi ɗaki.

Wata maƙwabciyata ta shigo ta ga kantar, sai da ta ƙwanƙwasa ta da yatsa kafin ta yarda kwali ne, yanzu ta sa mijinta nemo mata na firji. Na ce mata ta dakata tukuna, ni ma ban ga daminarta ba.

Malam kafinta, tambaya gare ka. Jiya da nake shara na ga wani siririn layin jar ƙasa ya taso daga gindin bangon ɗakin yaran, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, kamar taku uku daga inda kantar take. Na kankare shi da tsintsiya, yau da safe na ga ya dawo. Gara ce? In ita ce, me zan zuba a wurin wanda ba zai cutar da yara ba, kuma in matsar da kantar zuwa wani ɗakin ne ko gwangwanayen za su tare ta?